Yadda Na Sayi Gida a Ingila Ina Sabon Barista, da Inda Ake Tuntuɓe

Assalamu alaikum. Ƙannena da ke shirin shiga shekarar sanin makamar aikin barista a Ingila, da waɗanda suka gama ba da jimawa ba, bayan maganar samun gurbi a cemba, wato ofishin da baristoci ke haɗuwa su yi aiki a ƙarƙashinsa, tambaya ɗaya kuka fi yi min: yaushe banki zai yarda ya ba mutum kuɗin sayen gida? Na fara tawa shekarar a Oktoban 2021 a Mancesta, na karɓi makullin gida a Nuwamban 2024. Aiki bai taɓa yanke min ba a tsakani. Takarda ce ta jinkirta ni. Banki ba ya zuwa kotu ya ƙirga sau nawa ka tsaya gaban alƙali a mako, abin da hukumar haraji ta buga yake karantawa, ita kuwa wannan takarda tana bin bayan guminka da shekara ɗaya zuwa biyu. Zan ba ku alƙalumana yadda suke, don ku auna naku.

Saboda masu karatu daga gida, inda lauya ɗaya ke zama barista kuma solisita da zarar ya fito daga makarantar horas da lauyoyi: a Ingila da Wales sana'o'i biyu ne daban: solisita ne ke hulɗa da mai shari'a, shi kuma ya kai wa barista aikin tsayawa a kotu. Barista sai ya shiga ɗaya daga cikin majalisun lauyoyi huɗu na Landan, wato Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple ko Middle Temple, a kira shi, wato a tabbatar da shi barista, sannan ya yi wata goma sha biyu yana almajirci a ƙarƙashin wani babba. Wata shidan farko kallo ne da rubutu da ɗaukar jaka. Wata shida na biyu ne yake fara karɓar shari'o'insa. A wajajen Yuni ko Yuli yawancin cembobi suke yanke shawarar ko za su ba shi kujera. Idan sun ba shi, ya zama mai zaman kansa: babu albashi, babu hutun rashin lafiya, babu takardar biyan wata. Wannan shi ne tushen matsalar da banki.

Kuɗin da ake ba almajiri ba albashi ba ne. Hukumar Bar Standards Board, mai kula da sana'ar barista, ta sa mafi ƙarancinsa, wanda a 2025 ya kama fam 24,203 a Landan da fam 22,019 a wajenta. Manyan cembobin shari'ar kasuwanci suna ba da fiye da fam 70,000, amma mu masu shari'ar laifi da ta iyali kusa da ƙasan muke. Galibi rabin kuɗin kyauta ce ta wata shidan farko, ɗaya rabin kuma lamuni ne: idan abin da ka samu a kotu bai kai adadin ba, cemba za ta cike maka, wasu kuma su cire abinsu daga baya idan kuɗinka sun shigo. Sannan yawancinmu kan zaɓi tsarin da kuɗin wata shidan farko ba ya shiga haraji. Yana da daɗi a lokacin. Sai dai kuɗin da bai shiga haraji ba, ba zai fito a takardar haraji ba, banki kuma ba zai ƙirga shi ba.

Don haka neman bashin gida ana cikin almajirci kusan wahalar banza ce, sai dai ga mai babban kuɗin kyauta da aka riga aka tabbatar masa da kujera, ko wanda matarsa ko mijinta ke da albashi tsayayye a haɗa sunaye biyu. Ƙofa ta fi buɗewa bayan an samu kujera. Akwai 'yan bankuna da ke karɓar wasiƙar babban akawun cemba, wadda ke tabbatar da kujerarka, da abin da ka caja, da abin da aka biya ka, da hasashen abin da za ka samu a shekara mai zuwa. Ba za ka same su ta hanyar shiga reshen banki ko cike fom a intanet ba, domin kwamfutar da ke tace buƙatu tana ganin "mai zaman kansa ƙasa da shekara biyu" ta mayar da kai. Dillalin bashin gida ake bi, kuma ba kowane ba. Tambaye shi kai tsaye baristoci nawa ya yi wa aiki, kuma ko ya san bambancin kuɗin da aka caja da wanda ya shigo. Idan ya yi jim, nemi wani. Dillalina na farko ya miƙa buƙatata a matsayin ma'aikacin cemba, aka nemi takardar albashi ta wata uku, babu, aka rufe fayil.

A nan ne ya kamata ku zauna da alƙalami. A shekarar haraji ta 2022 zuwa 2023, wadda ta fara 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu kamar kowace, na caji kusan fam 62,000. Abin da ya shigo hannuna fam 41,000 ne. Sauran yana cikin abin da akawu ke kira tsohon bashi, wato aikin da aka gama ba a biya ba. A babbar kotun laifuka hukumar tallafin shari'a tana biya ne bayan an kammala shari'a, shari'ar kuwa ana iya ɗage ta sau uku saboda cunkoso. A kotun majistare kuɗinka ta hannun solisita yake biyowa, shi ma sai an biya shi, wani lokacin sai akawu ya yi ta bibiya wata da watanni. Shekarar ce kuma baristocin laifuka suka yi yajin aiki, wanda ya ƙare a Oktoban 2022 da ƙarin kashi 15 cikin ɗari. Daga cikin 41,000 ɗin nan cemba ta cire kasonta na haya da ladan akawu, kashi 17 cikin ɗari a wajenmu, kusan fam 7,000. Kuɗin jirgin ƙasa zuwa kotunan garuruwa, littattafai, inshorar sana'a, lasisin aiki da ake sabuntawa kowane Maris, da akanta, suka ci kusan 5,000. Riba ta tsaya a fam 29,000.

Wannan 29,000 ɗin banki yake ninkawa, ba 62,000 ba. Yawancin bankuna suna tsayawa a ninki huɗu da rabi, domin tun 2014 Babban Bankin Ingila ya sa iyaka cewa basussukan da suka kai wannan ninki ko suka wuce kada su haura kashi 15 cikin ɗari na sababbin basussukan gida. Ni a raina fam 279,000 nake lissafi. A takarda fam 130,500 ne. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, haka banki yake kallon tsohon bashi, ko da kuwa gwamnati ce za ta biya shi.

Shekara ta biyu kuɗin baya suka fara zubowa, riba ta kai fam 52,000. A nan bankuna suka rabu gida biyu. Mafi yawa suna haɗa shekara biyun su raba, wato 40,500, ninki huɗu da rabi ya ba da 182,250. Kaɗan suna ɗaukar shekarar ƙarshe kawai idan ta fi ta baya, wanda zai ba da 234,000. Bambancin fam dubu hamsin da ɗoriya, a kan takardu iri ɗaya. Wasu ma suna da tsari na musamman ga likitoci da lauyoyi da akantoci da ke kaiwa ninki biyar ko fiye. Idan kuwa shekarar ƙarshe ta yi ƙasa da ta baya, kusan kowa ƙaramar zai ɗauka, ya kuma nemi bayani. 'Yan uwa mata da suka yi hutun haihuwa su fi kowa lura da wannan: wasiƙar akawu mai bayyana watannin hutu da yadda aiki ya dawo tana canja hukunci a wasu bankunan.

Abin da ya fi rage min jira shi ne cike takardar haraji da wuri. Wa'adi 31 ga Janairu ne, kuma yawancinmu sai wankin hula ya kai mu dare. Amma ana iya miƙa ta tun daga 6 ga Afrilu, biyan kuɗin kuma yana nan a Janairu bai matso ba. Wanda ya miƙa a Afrilu ya samu takardar lissafin haraji da ake kira SA302, da takardar taƙaitawar shekara daga shafin HMRC, wato hukumar haraji, wata tara kafin abokinsa. Waɗannan biyun ake nema tare, kuma alƙalumansu dole su zo daidai. Haɗa su da takardar shige da ficen asusunka ta wata uku zuwa shida, wasiƙar tabbatar da kujera, rahoton kuɗin da aka biya ka daga kwamfutar cemba, rahoton tsohon bashi, lasisin aiki, fasfo da shaidar izinin zama. Mai biza da bai samu izinin zama na dindindin ba, bankunan da za su saurare shi sun ragu, kuma da yawansu za su nemi kafin alƙalami mai kauri.

Akwai wani jan igiya tsakanin akanta da banki. Aikin akanta ya rage maka haraji ta hanyar shigar da duk abin da ka kashe don aiki. Duk fam ɗaya da ya cire daga riba, fam huɗu da rabi ya cire daga abin da banki zai ba ka. Ba na ce a ɓoye abin da aka kashe ba. Amma sabuwar kwamfuta ta fam 2,000 da za ta iya jira, idan ka saye ta a Maris ɗin shekarar da za ka nuna wa banki, fam 9,000 ka rage wa kanka. Faɗa wa akanta tun farkon shekara cewa gida kake nema. Ka kuma roƙi akawu ya matsa wa masu riƙe da kuɗinka a Fabrairu da Maris, domin abin da ya shigo 4 ga Afrilu na bana ne, wanda ya shigo 7 ga wata sai baɗi.

Janairun farko yana kayar da mutane da yawa. Harajina na shekarar farko ya kama kusan fam 5,000, amma abin da aka nema ranar 31 ga Janairun 2024 ya kusa 7,500, domin ana haɗawa da rabin harajin shekara mai zuwa, sannan a biya ɗaya rabin 31 ga Yuli. Wanda ya haɗa kuɗin haraji da kuɗin gida a asusu ɗaya zai ga tarin kuɗi ya ɗauka nasa ne. Haka harajin VAT: da zarar ka yi rajista, kashi 20 cikin ɗari da ke biyo kuɗinka amana ce a hannunka. Asusu uku nake da su. Duk kuɗin da ya shigo, a ranar nake cire VAT gaba ɗaya, in cire kashi 30 na saura don haraji, abin da ya rage shi ne nawa. Mai tantance buƙata a banki yakan tambayi inda kuɗin harajinka yake, kuma harajin da wa'adinsa ya wuce ba a biya ba yana iya rushe komai.

Tarihin bashi gajeren zance ne. Duba fayilinka a kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato Experian, Equifax da TransUnion, wata shida kafin ka nema, ka shiga rajistar masu zaɓe a adireshin da kake, kada ka karɓi mota a bashi a wannan tsakanin. Bashin da ka ci don kwas ɗin barista da bashin karatu na gwamnati duk ana cire biyansu na wata kafin a ninka. Kuɗin da kake aikawa gida duk wata shi ma yana fitowa a takardar asusu, kuma mai tantancewa yana iya ɗaukarsa a matsayin nauyi tsayayye. Kada ka yi dabarar ɓoye shi. Ƙarya a fom ɗin bashin gida zamba ce a ƙarƙashin dokar 2006, ga barista kuma tana iya zama ƙarshen rigarsa da hularsa. Babu gidan da ya kai wannan.

Kafin alƙalami kuma, inda mu 'yan ƙasar Hausa muke da namu cikas na daban. Mafi ƙaranci kashi 5 ne ko 10 na kuɗin gida, amma sabon mai zaman kansa ya fi samun sauƙi idan ya kai 15 ko 20. Ni fam 45,000 na ajiye, 20,000 tarina, 25,000 gudummawar Baba daga filin da ya sayar. Lauyan cinikin gida dole ya bi asalin kowane fam saboda dokar hana halasta kuɗin haram, kuma a lokacin Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF, mai yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya, ke sa wa ido, tun Fabrairun 2023, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025. An nemi takardar cinikin filin, takardar asusun Baba ta wata shida da ke nuna shigar kuɗin mai saye, fasfonsa da wani lauya ya tabbatar, da wasiƙa da sa hannunsa cewa kyauta ce, ba bashi ba, kuma ba shi da haƙƙi a gidan. Abin da ya cece mu shi ne kuɗin sun taso daga asusunsa na banki zuwa nawa kai tsaye. Da an bi ta hannun 'yan canji, a ba su naira a Wapa wani da ban sani ba ya zuba min fam daga Landan, da babu lauyan da zai karɓa. Kuɗin adashe ma haka: idan za ka kwasa, a tura ta banki, a ajiye jerin sunaye da zubi a rubuce. Wasu bankunan ba sa karɓar kyauta daga ƙasar waje kwata-kwata, don haka dillali ya sani tun ranar farko.

Sai gado. Rangwamen da ake yi wa mai sayen gidan farko a harajin sayen gida, wanda daga 1 ga Afrilun 2025 ya zama babu haraji har fam 300,000, sannan kashi 5 zuwa 500,000, na wanda bai taɓa mallakar gida ba ne a ko'ina a duniya. Kaso a gidan gado a Kano ko Damagaram yana iya fitar da kai daga wannan sahu. Haka asusun Lifetime ISA, inda kake zuba har fam 4,000 a shekara gwamnati ta ɗora kashi 25, muddin gidan bai wuce 450,000 ba kuma asusun ya shekara a buɗe. Idan ma kason naka a wancan gida ya kai darajar fam 40,000, ana iya ɗora maka ƙarin harajin mai gida biyu, kashi 5 tun ƙarshen Oktoban 2024. Faɗa wa lauyanka gaskiyar abin da ka gada kafin ka sa hannu a komai.

Na san abin da ke ran da yawanku: kuɗin ruwa. Ni ban iya kwanciya da shi ba, don haka na bi tsarin musharaka mai raguwa. Kai da banki kuke sayen gidan tare, kai da kasonka shi da nasa. Duk wata kana biyan hayar kason banki, kana kuma sayen wani yanki nasa, har ya ƙare. Tun 2003 aka gyara doka don kada a biya harajin sayen gida sau biyu a cinikin gida na tsarin Musulunci, tun 2007 kuma hukumar kula da harkokin kuɗi take sa masa ido kamar sauran. Gatehouse Bank da StrideUp suna cikin masu yin sa. Malamai sun yi magana a kansa, wasu sun gamsu wasu suna da ja, musamman ganin ana auna hayar da farashin kasuwa. Karanta takardar yarjejeniyar da kanka, ai sana'arka ce, ka kai wa malamin da ka yarda da shi. Abin da zan faɗa ta fuskar aiki shi ne masu yin sa kaɗan ne, don haka zaɓin wanda zai ɗauki shekarar ƙarshe ko wasiƙar akawu ya ƙuntata, biyan wata kuma sau da yawa ya ɗara na bashin ruwa mafi arha. Nawa bankin shekara biyu ya haɗa ya raba. Shi ya sa na sauko daga gidan da na so, na sayi na fam 225,000: kaso 20 nawa, 180,000 na banki, daidai ƙarƙashin iyakata.

Saura matakan kowa ne. Ka karɓi amincewar farko, bayan ka tabbatar binciken da za a yi a fayilinka irin wanda ba ya barin tabo ne. Ka yi tayi, a karɓa, ka miƙa cikakkiyar buƙata, banki ya aika mai ƙiyasta daraja. Idan ya ce gidan bai kai farashin ba, ko ka cike gibin ko ka koma ciniki. Wannan ƙiyasi na banki ne, ba duba lafiyar gini ba ne. Ka biya naka mai dubawa daban, musamman tsofaffin gidajen jan bulo na arewacin Ingila masu danshi da tsohon rufi. Idan filat ne na hayar dogon zango, duba shekarun da suka rage, ƙasa da 80 matsala ce, da kuɗin hidimar shekara, da takardar lafiyar rufin bango da ake nema a dogayen gine-gine tun gobarar Grenfell ta 2017. A Ingila babu wanda ciniki ya ɗaure sai ranar musayar takardun yarjejeniya. Kafin nan mai gida yana iya karɓar tayin wani, ta leƙo ta koma, kuɗin lauya da na dubawa sun tafi. Takardar amincewar banki galibi wata shida take aiki, kuma ana iya sake neman takardar asusu dab da ƙarshe, don haka kada ka tafi dogon hutu asusunka ya bushe a tsakani. Waɗanda suka nema bayan ƙaramin kasafin kuɗi na Satumban 2022 sun ga yadda bankuna suka janye tayinsu daga kasuwa cikin kwanaki, kuɗin ruwan Babban Banki kuma ya kai kashi 5.25 a Agustan 2023.

Kafin in yarda a yi musayar takardu, sai da na tabbatar akwai biyan wata shida a gefe, ban da kuɗin haraji, domin Agusta da Disamba kotuna kan yi sanyi kuma wata guda yana iya wucewa babu abin da ya shigo. Inshorar gini daga ranar musaya take farawa, ba ranar karɓar makulli ba. Na kuma sa ranar cire kuɗin gida ta faɗo kwana biyar bayan ranar da cemba ke tura mana abin da ya taru. Makulli ya zo hannuna a Nuwamba, harajin Janairu yana gabana da mako goma, kuɗinsa kuma yana zaune a asusunsa ban taɓa ko fam ɗaya ba.